Tabon Yarinta a Ɗakin Aure: Tambayoyi da Amsoshi ga Waɗanda Aka Ci Zarafinsu Suna Yara, da Abokan Zamansu

Tambayoyin nan a raɗa ake yin su. Wasu daga bakin matan da aka lalata suna ƙanana suke fitowa, wasu daga mazan da abin ya same su, wasu kuma daga miji ko matar da ke kwana ɗaki ɗaya da su, suna ganin alamu amma sun rasa gane kan zancen. Sau da yawa da "wata ƙawata ce ta ce in tambaya mata" ake buɗe maganar. Ba komai, amsar ɗaya ce. An fara da tambayoyin tushe, sannan aka shiga na cikin ɗaki.

1. Ni ba a yi mini fyaɗe ba, taɓa ni kawai ake yi. Shi ma cin zarafi ne?

Shi ma cin zarafi ne. Duk lokacin da babba, ko yaron da ya fi wani shekaru da wayo, ya yi amfani da yaro don biyan sha'awarsa, an ci zarafin yaron: shafa jiki ne, sa shi ya taɓa babban ne, nuna masa tsiraici ko hotunan batsa a waya ne, ko saduwa ce gaba ɗaya. Girman raunin kuma ba a auna shi da inda abin ya tsaya kawai. Wane ne ya yi, shekara nawa aka ɗauka ana yi, da abin da ya faru ranar da yaron ya yi ƙoƙarin faɗa, duk suna da nauyi. Yarinyar da ta gaya wa mahaifiyarta aka ce "rufe mana baki, kada ki tona mana asiri" takan ɗauki wannan ranar a ranta fiye da ranar abin kansa.

2. Ni kaɗai ce abin nan ya samu?

Ko kusa. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a Nijeriya a 2014, tare da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ya nuna cewa mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma sun gamu da wani nau'in cin zarafi na lalata kafin su cika shekara 18, kuma waɗanda suka samu taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. A 2024 UNICEF ta ƙiyasta cewa mata fiye da miliyan 370 a duniya, wato ɗaya cikin takwas, an yi musu fyaɗe ko an afka musu tun suna yara.

Ki ƙirga matan da kuke zama tare a Islamiyya ko a gidan biki, ki yi lissafin da kanki. Mafi yawan lokuta kuma ba baƙo ne mai yi ba. Kawu ne, ɗan maƙwabta, mai shagon da ake aiken yarinya, yayan ƙawa, wani lokaci malami. Wannan batu na "sananne ne" shi ne mabuɗin kusan duk abin da ke ƙasa, musamman amsa ta 3 da ta 10.

3. Abin ya fi shekara ashirin, har na ɗauka na manta. Me ya sa sai da na yi aure ya dawo?

Saboda aure ya haɗa duk abubuwan da suka taru a wancan lokacin: mutumin da kika sani, ɗaki a rufe, dare, hannu a jikinki, da maganar "ki yarda da ni". Yaron da wanda ya amince da shi ya cuta ba ya koyon cewa baƙi mugaye ne. Abin da yake koya shi ne kusanci kansa haɗari ne. Muddin kina makaranta ko kina sana'arki, ba wanda ya matso inda tabon yake. Miji ne farkon wanda ya isa wurin.

Ƙwaƙwalwa tana da sashen da ke gadin haɗari, kuma shi wannan mai gadin bai san kalanda ba. Da ƙamshi, sauti da motsi yake aiki. Wata tana tsaye tana tuƙa tuwo, maigida ya shigo a hankali ya rungumo ta ta baya don wasa, sai muciya ta faɗi, zuciyarta ta hau bugawa, ta juyo da tsawa. Wata kuma ƙamshin wani turare ne, ko ƙarar sakata, ko kalmar "zo ki ji". Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. Likitoci suna kiran wannan yanayi PTSD, wato firgicin da ke biyo bayan mummunan lamari, kuma tun 1980 aka sa shi a jerin cututtukan da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a sabon jerinta da ya fara aiki a 2022, ta ware wani nau'insa mai sarƙaƙiya ga waɗanda aka daɗe ana cuta ba su da hanyar tsira, kuma wahalar zama da mutane na kusa tana cikin alamominsa.

Ban da aure, ciki da haihuwa sukan tayar da shi, haka ma ranar da 'yarki ta kai shekarun da kike da su lokacin. Duba amsa ta 12.

4. Ina son mijina, amma da ya kusance ni sai jikina ya sandare, ko in ji kamar ba ni a wurin. Me ke damuna?

Jikinki yana yin abin da ya koya ne. Yaro ba shi da ƙarfin faɗa, ba shi da wurin gudu, don haka abin da ya rage masa shi ne ya daskare ya tura hankalinsa wani wuri, ya ƙura wa rufin ɗaki ido har a gama. Wannan dabara ta cece ki a lokacin. Matsalar ita ce ba ta san an sauya gida ba. Wasu matan kuma tsokokin gabansu ne ke ƙanƙamewa da kansu, saduwa ta zama azaba ko ta gagara ɗungurungum. Wannan ciwo ne sananne ga likitocin mata, yana da magani, kuma ba taurin kai ba ne. Kayan mata ba sa warkar da shi, domin ba ni'ima ce ta yi ƙaranci ba, tsoro ne ya yi yawa.

Akwai waɗanda nasu ya bi ta ɗaya ɓangaren: suna miƙa jikinsu da sauri, ko da ba sa so, domin tun suna yara aka koya musu cewa da shi kaɗai ake samun kulawa. Ita ma wannan tabo ne, kodayake jama'a lalacewa suke kiransa.

5. A gida an ce jinnul ashiƙ ne ko sammu. An yi ruƙya, an yi hayaƙi, ba sauyi.

Ba zan hana kowa addu'a da karatun Alƙur'ani ba, kuma da yawa suna samun natsuwa a cikinsu. Amma ku lura: alamomin da ake lissafa wa jinnul ashiƙ, wato ƙin miji, mugayen mafarkai, firgita a barci, kuka ba dalili, su ne dai alamomin firgicin da aka bayyana a amsa ta 3 da ta 4. Yarinyar da ba ta da bakin faɗin abin da kawunta ya yi mata, ya fi wa kowa sauƙi a ɗora wa aljani. Dangi sun huta, mai laifi ya huta, ita ce kaɗai ba ta huta ba.

A haɗa addu'a da asibiti. Kuma duk mai maganin da ya ce sai an bar shi da ita su biyu a ɗaki, ko sai ya shafa jikinta, ko sai an danne ta an doke ta, a tashi a bar wurinsa. Ga wadda aka taɓa dannewa tana yarinya, wannan maimaita abin ne.

6. Ban yi ihu ba. Na karɓi alewa da kuɗinsa. Wani lokaci ma jikina ya amsa. Ina da zunubi?

Ba ki da shi. A Musulunci an ɗauke alƙalami daga kan yaro har ya balaga, kuma an ɗauke wa al'umma laifin abin da aka tilasta ta a kai. Ba kuma wani malamin Kirista na ƙwarai da zai ɗora wa yaro laifin babba. Alewar da kuɗin ba shaidar yardarki ba ne, tarkonsa ne: da su ya saba da ke, da su kuma ya rufe miki baki. Batun jiki kuwa, jijiyoyi suna amsa taɓawa kamar yadda ido ke hawaye in ana yanka albasa. Na san wannan ne sirrin da ya fi ci wa mutane rai, wanda ko likita ba sa iya gaya wa, shi ya sa na faɗe shi ƙarara.

7. Dole ne in gaya wa wanda zan aura?

Ba dole ba ne. Labarinki ne. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an ruwaito cewa wani mutum ya gaya wa mai neman auren 'yar'uwarsa kuskuren da ta taɓa yi, da labari ya kai wa Sayyidina Umar ya yi masa faɗa sosai, yana tambayarsa me ya kai shi ba da wannan labari. Idan haka ake suturta wadda ta yi kuskure, ina ga wadda aka zalunta tana yarinya?

Sai dai akwai bambanci tsakanin abin da ya wajaba da abin da zai amfane ki. Mijin da bai san komai ba zai fassara sanyinki da ƙiyayya, ko ya fara zargin akwai wani. Don haka ki auna mutumin tukuna. Yaya yake magana in an ba da labarin fyaɗe a rediyo, "Allah ya isar mata" yake cewa ko "me ya kai ta"? Yana riƙe sirrin wasu? In kun saɓa, yana tono tsohon zance ya jefe ki da shi? Kuma ba sai an zazzage komai rana ɗaya ba. "An cutar da ni ina ƙarama, shi ya sa wasu abubuwa ke firgita ni, ina buƙatar ka bi ni a hankali" ya isa farawa. Kada ki rubuta shi a saƙon WhatsApp, domin rubutu yana zama, soyayya kuwa takan juya.

8. Matata ta gaya mini jiya. Kaina ya ɗaure. Me zan yi?

Malam, ka fara sanin cewa wataƙila kai ne mutum na farko da ta gaya wa a duniya, kuma fuskarka take karantawa tun jiya. Abin da take buƙatar ji kaɗan ne: na yarda da ke, ba laifinki ba ne, ba abin da ya ragu a matsayinki wurina.

Abin da za ka kiyaye ya fi yawa. Kada ka ce "me ya sa ba ki faɗa tun tuni ba?" Kada ka nemi filla-filla, sau nawa, a ina, yaya; kai ba ɗan sanda ba ne, kuma hotunan da za ka ɗora wa kanka za su dame ka daga baya. Kada ka kai wa Hajiyarka ko amininka don neman shawara ba da izininta ba. Kada ka zari takalmi ka nufi gidan mutumin. In ka yi, ka ƙwace mata ikon labarinta, ka kuma bar ta da fargabar abin da zai same ka. Mafi muni, kada ranar da kuka yi faɗa ka ce "ai dama ke...". Kalma ɗaya irin wannan tana rushe shekara goma. Fushin da kake ji da baƙin ciki, har da wani irin kishi mai ban kunya, duk ba abin mamaki ba ne. Duba amsa ta 14.

9. To haƙƙina na aure fa? Ba hadisi ya ce mala'iku na tsine wa wadda ta ƙi shimfiɗar mijinta ba?

Hadisin yana nan, amma malamai sun bayyana cewa yana magana ne kan wadda ta ƙi ba da wani uzuri ba. Rashin lafiya uzuri ne, kuma abin da aka bayyana a amsa ta 4 rashin lafiya ne. Alƙur'anin da ya ba ka haƙƙi shi ne ya ce a zauna da su da kyautatawa, ya kuma kira ma'aurata tufafin juna. In ka karanta mata hadisin tsinuwa tana rawar jiki, za ka iya samun jikinta a daren, amma ka shiga sahun wancan mutumin a ƙwaƙwalwarta.

Buƙatarka gaskiya ce, ba wanda ya ce ka zama dutse. Hanyar isa gare ta ce ta bambanta. Abin da ke kwantar da mai gadin nan na amsa ta 3 shi ne sanin abin da zai faru da kuma ikon tsayar da shi. Ka yi sallama ko gyaran murya kafin ka taɓa ta, kada ka zo ta baya, kada ka tashe ta daga barci da hannu. Ku yi magana da rana, ba a kan gado ba, ta gaya maka abin da ke firgita ta: duhu ne, a bar fitila, turaren ne, a sauya. Ku ajiye wata kalma da in ta faɗa za ka tsaya nan take, ba tsaki, ba juya baya. Ku samu dararen da za a yi hira da riƙe hannu kawai, ta san ba inda za a zarce. In ka ga idonta ya tafi, ka kira sunanta, ka tuna mata inda take da wanda ke tare da ita. Duk ranar da ta ce "tsaya" ka tsaya, jikinta ya koyi sabon darasi. Sannu ba ta hana zuwa.

10. Mu namu ba a shimfiɗa yake ba. Zargi ne, fushi, da shiru na kwana uku.

Tushen ɗaya ne. Wanda na gida ya ci amanarsa yakan zauna cikin jiran ranar da za a sake. Wani ya zama mai bincike, waya ta yi ƙara ya miƙe. Wata ta ture ka da faɗa daidai lokacin da zama ya yi daɗi, domin daɗin ne ke ba ta tsoro, gara ta ɓata da hannunta kafin a ɓata mata. Wata kuma akasin haka, "yi haƙuri" ba ya barin bakinta, ba ta taɓa cewa a'a, har a yi ta yabonta da ladabi alhali tsoro ne. Irin wannan ce ta fi faɗawa hannun azzalumin miji, kuma bincike ya sha nuna cewa waɗanda aka ci zarafinsu suna yara sun fi shiga haɗarin a sake cutar da su da girmansu. Ba don suna jawo wa kansu ba, sai don an karya musu ma'aunin gane inda ya kamata a ce "ya isa".

11. Ni namiji ne. Wa zan gaya wa?

Naka shirun ya fi kauri, domin an ce namiji ba ya kuka. In mace ce babba ta yi maka, abokai cewa za su yi ka yi sa'a. In namiji ne, a makarantar kwana ko a shago ko a soro, tsoronka kada a kira ka da sunan da ba naka ba. Abin da aka yi maka da ƙarfi ko da yaudara kana yaro bai faɗi komai game da kai ba, game da mai yin ya faɗa. A wurin maza tabon yakan fito ta saurin fushi, shaye-shaye, nutsewa cikin aiki, kallon batsa, ko rauni a shimfiɗa wanda ake ta sha wa maganin ƙarfin maza a banza. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda jihohi da dama suka amince da ita daga baya, ta yarda cewa namiji ma ana yi masa fyaɗe.

Uwargida, in mijinki ne ya buɗe miki wannan, duk abin da ke amsa ta 8 ya hau kanki, har da ƙari: kada ko da wasa ki taɓa mazantakarsa da wannan magana.

12. An ce wanda aka yi wa shi ma yi yake. Zan cutar da 'ya'yana?

Mafi yawan waɗanda aka ci zarafinsu ba sa cin zarafin kowa. Abin da aka fi gani shi ne tsaro ya wuce kima: uwa ta hana 'yarta zuwa ko'ina, ko uba ya kasa ɗaukar 'yarsa a cinya don tsoron kansa. Maimakon kulle, a koya wa yara sunayen sassan jikinsu, a gaya musu ba wanda ke da ikon taɓa su ko da kawu ne, kuma duk babban da ya ce "kada ki gaya wa Mama" to a ranar za a gaya wa Mama. Wanda kuwa ya ji a ransa sha'awa na karkata ga yara, ya nesanta kansa da kaɗaita da su, ya ga likitan ƙwaƙwalwa tun bai taɓa kowa ba.

13. Mutumin ɗan'uwa ne. Muna haɗuwa a suna da biki, har a ce in durƙusa in gaishe shi.

Zumunci bai wajabta miki zama inda yake ba, kuma yafiya, in ma za ki yi, ba a karɓar ta da tilas. A nan miji yana da amfani ƙwarai: shi zai ce "ba za mu daɗe ba", shi zai tsaya kusa, shi zai ɗauki laifin tashi da wuri. Abu ɗaya ne ba a sassauci a kansa: 'ya'yanku ba sa kwana ko zuwa aike gidansa. In kuma har yanzu yana da yara a hannunsa, to maganar ta wuce sirrinki ke kaɗai, sai a nemi shawarar cibiyoyin da ke amsa ta 15 kan yadda za a kare su. Hukunci ya tsananta a wasu wurare. A 2020 Jihar Kaduna ta sa dandaƙa da kisa ga wanda aka samu da laifin yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Amma shari'ar abin da ya daɗe tana da wuyar hujja, gara a ji ta bakin lauya kafin a fara.

14. Ni ne abokin zaman, kuma gaskiya na gaji. Laifi ne?

Ba laifi ba ne. Kana biyan bashin da ba kai ka ci ba, ana ture ka, kuma ba ka da wanda za ka gaya wa saboda sirri ne. Masu zama da irin waɗannan majinyata su ma sukan kamu da rashin barci da ƙunci. Kai ba likitanta ba ne, kuma ƙauna kaɗai ba ta warkar da wannan. Ka nemi mai ba da shawara na kanka, ko ku je tare.

Ga kuma iyaka. Tabon yarinta yana bayyana dalilin hali, ba ya halatta shi. Duka, zagi na kullum, cin amana ko barazana ba sa zama daidai don mai yin su an taɓa cutar da shi. Wannan ya shafi mace da namiji. Ga mai tunanin ƙara aure a matsayin mafita: ba wanda zai hana ka abin da shari'a ta ba ka, amma in ka yi shi a matsayin horo, ko ka bari amarya ta san dalili, ka tabbatar wa uwargida da abin da take tsoro tun tana yarinya.

15. Ana warkewa? Ina za a je?

Ba a goge abin daga ƙwaƙwalwa, amma ana kai wa inda zai zama labarin da ya wuce, ba abin da ke faruwa a daren yau ba. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar hanyoyi biyu na jinyar wannan firgici: jinyar tattaunawa da ke bin tunani da ɗabi'a tana fuskantar abin da ya faru sannu a hankali, da wata da ake kira EMDR, wadda ake haɗa tuna abin da motsa idanu. Ƙwayoyi suna taimakawa in akwai ciwon damuwa ko rashin barci mai tsanani, amma likita ne zai rubuta, ba mai kemis ba. Makonnin farko na jinyar tattaunawar sukan yi nauyi, mafarkai su ƙaru. A sanar da abokin zama tun kafin a fara.

A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga kuma sassan lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Akwai cibiyoyin da aka kafa musamman don waɗanda aka yi wa fyaɗe: Waraka a Asibitin Murtala na Kano, Salama a Jihar Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato. Sun fi karɓar sababbin lamura, amma suna da masu ba da shawara kuma sun san inda za su tura ki. Ba sai kin fara da labarin ba. "Ba na barci, ina yawan firgita, kuma abin ya shafi aurena" ya isa a buɗe miki kati. Idan kuwa tunanin kashe kai ya fara zuwa, ba a jiran ranar asibiti: a gaya wa wani na kusa yau, a tafi sashen gaggawa tare.